Ga mai tambaya kan hirar da ke mutuwa bayan gaisuwa

Ɗan'uwa, ka ce da zarar an gama gaisawa sai hira ta tsinke, kai da matarka ko abokanka kowa ya koma kan wayarsa. Ni ma na sha fama da haka.

Daga baya na gane ba abin faɗi na rasa ba, sauraro ne ban iya ba. Mutum yana magana, ni ina can ina harhaɗa amsa a raina, kuma wallahi yana ganewa. Yanzu idan matata ta ce, "Yau na gaji," ba na cewa sannu in yi gum. Sai in kife wayar in ce, "Me ya fi gajiyar da ke?" Nan take labari ya ɓalle. Tambayar da amsarta e ce ko a'a, kashe hira take yi.

Sannan ka daina ƙwace labari. Wani ya ce ƙafarsa na ciwo, kafin ya rufe baki ka ɗauko ciwon bayanka. Wannan kam har yanzu ina kama kaina a ciki.

In abokinka ya ambaci neman aiki, ka riƙe, bayan kwana biyu ka tambaye shi ina aka kwana.