Tambaya da Amsa: Detroit, garin da mota ta ɗaga kuma ta yar

Wasiƙu uku ne suka haɗu a kan gari ɗaya a wannan makon, wato Detroit ta jihar Michigan a Amurka, don haka na ba su filin gaba ɗaya.

Tambaya: Ni bakanike ne, na tsufa ina sauke inji ina ɗorawa. Kullum ina jin ana cewa Detroit ce uwar motoci. Me ya sa can, ba wani gari ba?

Amsa: Malam, sannu da aiki. Ruwa ne ya fara yi wa garin gata tun kafin a san mota. Kogin Detroit gajere ne, bai fi kilomita 50 ba, amma ta cikinsa ruwan manyan tafkunan arewa yake bi ya sauka Tafkin Erie, don haka duk jirgin da zai sauko ko ya haura sai ya ratsa ta ƙofar garin. Abin da Bafaranshe Antoine de la Mothe Cadillac ya hango ke nan da ya kafa sansani a wurin a 1701 don ya tsare cinikin fatu. Sunansa ne aka sa wa motar nan da ka sani. Turawan Ingila sun karɓi wurin a 1760, Amurka ta karɓe a 1796. Tsallaken kogin kuwa Kanada ce, garin Windsor, wanda yake kudu da Detroit ko da yake a taswira mun saba ganin Kanada a arewa.

Da aka buɗe mashigar jirage ta Soo a 1855, tama da tagulla suka riƙa saukowa daga arewa cikin araha, ga katako, ga kwal daga kudu. Kafin 1900 garin ya cika da masu zubin ƙarfe da masu ƙera murhun ƙarfe, taragon jirgin ƙasa, keken doki da injin jirgin ruwa. Kai ka fi ni sani, wanda ya iya injin kwalekwale bai yi nisa da injin mota ba, wanda ya iya keken doki kuma ya riga ya iya bodi da sifirin. Hannun yana nan, kuɗin ma yana nan a aljihun attajiran katako da ma'adinai.

Henry Ford ya kafa kamfaninsa a 1903, ya fito da motarsa Model T a 1908. Abin da ya canza duniya ya faru a 1913 a masana'antarsa ta Highland Park. Da, mota tana tsaye ne ma'aikata suna zagaya ta. Sai aka juya abin: aka ɗaura gindin motar a sarƙa tana jan sa, kowane mutum yana tsaye a wurinsa da sifanarsa, wannan ya sa taya, na gaba ya ɗora noti, na gabansa ya ɗaure. Haɗa mota ɗaya ya sauko daga awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi, kuɗinta kuma daga dala 850 ya faɗo har 260 a 1925.

Amma ka tsaya ka dubi mutumin da ke kan layin nan. Kai idan mota ta shigo garejinka, kana sauraron kukanta, ka yi tunani, ka gano ciwon. Shi an raba shi da wannan duka, noti ɗaya yake ɗaurewa daga safe har yamma, ba dama ya juya. Mutane suka riƙa gudu, har a 1913 sai da kamfanin ya ɗauki sama da mutum 50,000 don ya riƙe guraben da ba su wuce 14,000 ba. Wannan ne ya sa Ford ya ninka lada zuwa dala 5 a yini a Janairun 1914, kuma da sharaɗi, don har gida ake aiko masu duba yadda ma'aikaci yake zaune da iyalinsa. Daga baya ya gina katafariyar masana'antar Rouge a Dearborn, garin da yake maƙwabtaka da Detroit, inda jirgi yake sauke tama a bakin ruwa, a narka ta, a yi gilashi, mota ta fita ta ɗaya ƙofar da ƙafarta. Akwai lokacin da ma'aikatanta suka haura 100,000. General Motors da Chrysler suka haɗu da Ford suka cike manyan kamfanonin mota uku, garin da yake da mutum 285,000 a 1900 ya kai miliyan 1.8 a 1950.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun tattalin arziki. Malaminmu ya ce Detroit ta taɓa zuwa kotu ta ce ta karye. Gari sukutum yana karyewa? Wai motocin Japan ne suka kashe ta?

Amsa: 'Yata, malaminku ya faɗi gaskiya. Ranar 18 ga Yulin 2013 hukumar birnin ta shigar da takardar karayar arziki, da bashin kusan dala biliyan 18, mafi girma da wani birni ya taɓa yi a Amurka. Amma ban yarda a ɗora wa Japan laifin ba. Motocinta sun samu shiga ne sosai bayan tsadar mai ta 1973, alhali tsakanin 1947 da 1963 kaɗai garin ya rasa guraben aikin masana'anta kusan 134,000, a daidai lokacin da kamfanonin suke cin riba.

Abin da ya faru shi ne kamfanonin sun daina bukatar bakin ruwa. Manyan tituna da tireloli sun zo, sabon salon aiki yana son fili mai faɗi da gini hawa ɗaya, ga kuma ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan mota, wadda aka kafa a 1935, ta yi ƙarfin da har Ford sai da ya sa mata hannu a 1941. Sai suka riƙa gina sababbin masana'antu a bayan gari da wasu jihohin. Motar da garin ya ƙera ita ce ta kwashe masu hali ta kai su unguwannin waje, suka tafi da harajinsu.

Ba kowa aka bari ya bi su ba, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Baƙaƙen fata sun kwararo daga kudancin Amurka neman aiki, daga kusan 6,000 a 1910 zuwa 120,000 a 1930. Aka ba su aikin da ya fi zafi, gaban wutar zubi, aka cusa su a 'yan unguwanni, bankuna suka hana su bashin gida. A 1941 har katanga aka gina kusa da titin Eight Mile don a raba gidajensu da sabuwar unguwar farare, kuma tana tsaye har yau. Unguwarsu ta Black Bottom da kasuwarsu ta Paradise Valley aka rushe aka shimfiɗa babban titi. A Yulin 1967 tarzoma ta ɓarke, gari ya kama da wuta kwana biyar, mutum 43 suka mutu, gudun farare ya ƙaru.

To lissafa da kanki. Faɗin garin yana nan yadda yake, kusan murabba'in kilomita 360, da titunansa da bututun ruwansa da 'yan fanshonsa, amma masu biyan haraji sun ragu, jama'ar garin duka ta sauko zuwa mutum 639,000 a ƙidayar 2020. Aka yi ta cin bashi ana toshe rami, ga rashawa, don tsohon magajin gari Kwame Kilpatrick ɗaurin shekara 28 aka yanke masa a 2013. A lokacin kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titi ba sa kamawa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan tsofaffin ma'aikatan birni ya doka, waɗanda aka zaftare wa fansho. Yankan ma zai fi haka muni ba don gidauniyoyi da gwamnatin jiha sun tara dala miliyan 816 ba, a kan sharaɗin kada a sayar da zane-zanen gidan tarihin birnin.

Garin ya fita daga kotu a Disambar 2014. An kafa sababbin fitilu 65,000, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta zama kango tun 1988 kamfanin Ford ya gyara ta ya buɗe a 2024, kuma ƙiyasin 2023 ya nuna jama'a sun ƙaru karo na farko tun 1957. Ina murna da wannan, sai dai yawancin gyaran a tsakiyar gari yake, unguwanni da yawa har yanzu gida ɗaya ne a tsakiyar filaye masu ciyawa.

Tambaya: An ce mini akwai wurin da ake kiran salla da lasifika a can. Gaskiya ne? Kuma ban da mota, da me aka san su?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne. Hamtramck sunan wurin, ɗan ƙaramin gari ne da Detroit ta kewaye. Da 'yan asalin Poland ne suka cika shi saboda masana'antar Dodge, yanzu 'yan Yaman da Bangladesh sun yi yawa. A 2004 majalisar garin ta amince a yi kiran salla da lasifika, a zaɓen 2021 kuma magajin gari, Amer Ghalib ɗan asalin Yaman, da dukkan kansiloli suka kasance Musulmi. Aikin mota ne ya jawo Larabawa da yawa yankin, har aka gina masallaci a Highland Park tun 1921. A Dearborn yanzu fiye da rabin jama'a 'yan asalin Gabas ta Tsakiya ne da arewacin Afirka.

Sai kiɗa. Berry Gordy, wanda shi ma ya yi aiki a layin haɗa mota, ya ranci dala 800 a asusun danginsa ya kafa kamfanin faifan waƙa na Motown a 1959 cikin wani ɗan gida. Tsarin masana'anta ya ɗauko: masu rubuta waƙa daban, makaɗa daban, masu koyar da rawa da ladabin tsayawa gaban jama'a daban, kuma ba a sakin faifai sai an zauna an tace shi. Ta nan Stevie Wonder da Diana Ross da Marvin Gaye suka fito, yaran baƙaƙen fata suka shiga gidajen da ba a yarda iyayensu su yi maƙwabtaka da su ba. Shi ma kamfanin ya tattara ya koma Los Angeles a 1972, gidan ya zama wurin ziyara.

Idan Allah ya kai ki, ki je cocin Second Baptist, wanda aka kafa a 1836. A ƙarƙashinsa aka riƙa ɓoye bayin da suka gudo daga kudu, su jira dare a tsallakar da su kogin zuwa Kanada, inda aka riga aka haramta bauta.