Daga Kyaftin Zuwa Koci: Yadda Rod Brind'Amour Ya Kai Ga Horar da Carolina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Kanada, kuma na fara bin wasan hoki na kan ƙanƙara. An ce mini kocin ƙungiyar Carolina Hurricanes, Rod Brind'Amour, tsohon kyaftin ɗinta ne. Yaya ya kai wannan matsayi? Kuma duk gwanin ɗan wasa zai iya zama gwanin koci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta biyu: a'a, ba kowane gwani ke iya koyarwa ba, kuma tarihin NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ya sha nuna haka.

An haifi Brind'Amour a Ottawa a 1970, ya tashi a garin Campbell River na lardin British Columbia. Ƙungiyar St. Louis Blues ce ta ɗauke shi a 1988, ya koma Philadelphia Flyers a 1991, sannan a Janairun 2000 aka yi musayarsa zuwa Carolina. Ya zama kyaftin a 2005, a 2006 kuma ya ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakaran NHL, bayan sun doke Edmonton Oilers a wasa na bakwai kuma na ƙarshe na karawar kofin. Ya yi ritaya a 2010 da wasanni 1,484 da ci 452.

Amma ni ba waɗannan alkaluman nake fara dubawa ba. Abin da ya fi bayyana mutumin shi ne kyautar Selke da ya lashe sau biyu a jere, 2006 da 2007. Ana ba da ita ga ɗan wasan gaba da ya fi kowa iya tsaron gida, wato wanda idan an ƙwace faifan robar da ake bugawa, shi zai juyo da gudu ya tare hanya, ya hana gwanin abokan hamayya sakat. Aiki ne mai wahala, kuma 'yan kallo ba su cika tafa masa ba. Wanda ya shekara da shekaru yana yin sa dole ya san inda kowa ya kamata ya tsaya, nasa da na abokan karawa. Wannan ilimin ana iya faɗinsa da baki, a zana shi a allo, a koya wa yaro.

Yanzu dubi aikin koci a wannan wasa. Kowace ƙungiya tana shiga da 'yan wasa 20, amma shida ne kawai a kan ƙanƙara lokaci guda, har da mai tsaron raga. Gudun yana da tsanani, shi ya sa ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 sai ya fito wani ya shiga, galibi ba tare da an tsayar da wasa ba. Koci na tsaye bayan benci yana kiran rukunin da zai shiga, yana lura da wanda ɗaya ɓangaren ya saka don ya haɗa shi da wanda zai iya da shi. Haka zai yi ta yi tsawon zango uku na minti 20 kowanne, a wasanni sama da 80 na kaka, kafin a zo zagayen fitar da gwani. Ga shirya yadda za a yi idan an kori ɗan wasanka na minti biyu kuka rage. Duk wannan lissafi ne da sanin halin mutane, ba ƙwarewar hannu ba.

Brind'Amour bai faɗa wa kujerar da ka ba. Bayan ritaya ya zauna a ƙungiyar yana kula da tasowar matasan 'yan gaba, a 2011 ya zama mataimakin koci, ya shekara bakwai yana ƙarƙashin wasu. Shekarun ba su yi daɗi ba, domin Carolina ta yi kaka tara a jere ba ta kai zagayen fitar da gwani ba. Da aka ba shi ragama a Mayun 2018, a kakarsa ta farko ya kai su wasan ƙarshe na shiyyar gabas, inda Boston ta fitar da su. A 2021 ya karɓi kyautar Jack Adams ta gwarzon koci, ya sake kai su wasan ƙarshe na shiyyar gabas a 2023 da 2025. Salonsa kuwa tamkar yadda ya yi wasa: matsa wa abokin hamayya lamba tun daga gidansa, kowa ya yi gudu, babu babba babu yaro. Kuma ba ya umartar kowa da abin da shi bai yi ba, don tun yana wasa an san shi da naci wajen motsa jiki. Mai bin ƙwallon ƙafa zai tuna da marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗauki Kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗauka yana koci a 2013.

Sai ka ajiye wannan kusa da labarin shahararren ɗan wasan hoki Wayne Gretzky. Maki 2,857 ya tara, wato jimillar cin da ya yi da wanda ya taimaka aka yi, babu wanda ya ko kusa, ga kofi huɗu da Edmonton. Ya horar da Phoenix Coyotes daga 2005 zuwa 2009, kaka huɗu, bai kai zagayen fitar da gwani ko sau ɗaya ba. Adalci ne a ce ƙungiyar ba ta da ƙarfi, kuma tana fama da matsalar kuɗi har ta kai ga karyewa a 2009. Duk da haka, a ganina akwai abu biyu. Ya hau kujerar babban koci kai tsaye, bai yi zaman mataimaki ba. Sannan baiwarsa ita ce ganin inda wasa zai nufa tun kafin ya nufa, wannan kuwa Allah ne ke bayarwa, da wuya ka zuba ta a kan wani.

Akwai kuma Craig Berube, wanda a wasanni 1,054 ci 61 kacal ya yi, amma ya tara mintunan hukunci sama da 3,000, saboda an fi saninsa da dambe. Ya karɓi St. Louis a Nuwamban 2018, farkon Janairu tana ƙasan tebur, watan Yuni na 2019 ta ɗauki kofinta na farko a tarihi. Scotty Bowman ma bai taɓa buga NHL ba, ga shi da kofi tara a matsayin koci. Kada kuma ka ɗauka an rufe wa taurari ƙofa: Toe Blake tauraro ne a Montreal, ya dawo ya ba ta kofi takwas yana koci.

Idan za ka sake kallon wasan Carolina, ɗauke ido daga faifan na ɗan lokaci ka duba benci. Lura da wanda Brind'Amour ke turawa duk lokacin da gwanin ɗaya ƙungiyar ya taka ƙanƙara, da yadda 'yan gabansa biyu ke bin faifan har bayan ragar abokan hamayya.