Amsa kan rajistar tsarin bincike kafin a fita tattara bayanai

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko rajistar tsarin bincike tun kafin a fita tattara bayanai (wato rubuta hasashe da hanyar binciken a ajiye su a rumbun intanet mai nuna ranar shigarwa) ba za ta ɗaure miki hannu ba, kuma ko wani ba zai ga tsarin ya riga ki aiwatar da shi ba. Ta biyun ba ta da wuya: rumbun intanet mai suna OSF, na cibiyar Center for Open Science da ke Amurka, yana barin mutum ya ɓoye rajistarsa har tsawon shekara 4, alhali ranar da ya shigar da ita tana nan a rubuce.

Ta farkon ce nake so in tsaya a kanta, domin ta taɓa cina. A aikina na farko, kan adashen mata da karatun 'ya'yansu, ban yi rajista ba. Na zauna gaban kwamfuta bayan sallar isha'i, alaƙar da nake nema ta ƙi fitowa. Da na cire matan da suka manyanta sai ta ɗan leƙo, da na raba birni da ƙauye kuwa sai ga ta sarai a ɓangaren ƙauye, kuma kafin asuba har na tanadi bayani mai daɗin ji kan abin da ya sa haka. Ban ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, amma wanda zai karanta ba shi da hanyar sanin cewa sai da na yi ta juya alƙaluman kafin su ba ni abin da raina ke so.

Wannan cuta ba tawa ce ni kaɗai ba. A 2015 mujallar Science ta buga sakamakon maimaita bincike 100 na fannin halayyar ɗan Adam; 97 daga cikinsu sun ce sun sami sakamako mai ƙarfi tun asali, amma da aka maimaita, wajen kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake bayar da shi. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Saliyo, inda Katherine Casey da Rachel Glennerster da Edward Miguel suka nazarci shirin raya karkara na GoBifo. Sun ajiye tsarinsu a rubuce kafin su duba bayanan, sannan a rahotonsu na 2012 suka nuna cewa da sun ga dama, daga bayanan nan guda za su iya tsamo labarin cewa shirin ya gyara shugabancin ƙauyuka, ko kuma labarin cewa ya ɓata shi.

Saboda haka rajista ba ta hana ki bin abin da ya ɓullo ba zato. Abin da take nema shi ne ki faɗa wa mai karatu wane ne hasashenki na tun farko, wane ne kuma kika tsinta a hanya. Ki rubuta hasashen, da yawan mutanen da za ki tambaya, da sharaɗin cire amsar wani, da irin lissafin da za ki yi. Idan gwaji ne na rarraba mutane ta hanyar ƙuri'a, ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka tana da rajistarta tun 2013.

Fili kuwa ba ya bin takarda. A aikina na biyu ruwan damina ya yanke hanyar wani ƙauye da ke cikin tsarina, dole na musanya shi da na kusa da shi. Na rubuta ranar da na yi canjin da dalilinsa a ƙasan rajistar, na kuma maimaita shi a babin hanyoyin bincike, masu duba aikin ba su ƙara tayar da maganar ba.