Yaya aka gane 2,147,483,647 ba ta rabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa, ina shirin jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare. Malaminmu na lissafi ya ce 2,147,483,647 "nombre premier" ce, wai an tabbatar da haka tun ba a san kwamfuta ba. Yaya aka yi? Kuma a wane rukuni take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiyar malaminku. Ba abin da ke raba lambar nan daidai sai 1 da ita kanta.

Ka jera 2 guda 31, ka ninka su da juna, ka cire 1, ita za ka samu. Irinsu ake kira lambobin Mersenne, da sunan wani fada Bafaranshe da ya rasu a 1648. Taka ita ce ta takwas a cikin marasa rabuwa na wannan gida, wanda ya faro da 3, 7, 31, 127. Ka ga 31 ɗin ma 'yar gidan ce, shi ya sa ake ce wa taka Mersenne mai ruɓi biyu. Huɗu kacal aka sani masu wannan hali.

Sai dai kada ka ɗauka duk wadda aka haɗa haka ta tsira. Gwada da 2 guda 11: za ka samu 2047. Ka kasa goro 2047 wa mutum 23, kowa zai tashi da 89, ba ragowa. To, dubi waɗannan biyun da kyau. 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 kuma 88 da ɗaya, dukansu ninkin 22 ne, wato 11 sau biyu, aka ɗora 1. Ba dace ba ne, ƙa'ida ce, kuma da ita masanin lissafi Leonhard Euler ya yi aiki a kan lambarka a 1772, lokacin idonsa ya kusa mutuwa gaba ɗaya.

Da farko, in lambar tana rabuwa, dole ɗaya daga masu raba ta bai wuce 46,340 ba, domin 46,341 sau 46,341 ya riga ya wuce ta. Sannan dole ya zama ninkin 62, wato 31 sau biyu, da ƙarin 1. Nan take dubban lambobi suka zube, saura ba su kai 750 ba, marar rabuwa ta farko a ciki 311 ce. Ya ƙara tace su, ya gwada ragowar ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta shiga. Ni a ganina tankaɗen nan ya fi amsar kanta daɗi.

A yau dai ƙarama ce. Marar rabuwa mafi girma da aka gano a Oktoban 2024, ita ma 'yar gidan Mersenne, tana da alƙaluma 41,024,320.

Ga aikin gida: 8191, wato 2 guda 13 a cire 1. Ninkin 26 da ƙarin 1, ƙasa da 91 (domin 91 sau 91 ya wuce 8191), ya ba ka 27, 53 da 79; cire 27 da ke rabuwa, saura 53 da 79 kawai. Ɗauki biro ka raba ka gani.