Amsa kan zubar jini daga jijiyoyin hanta yayin tiyata da kyamara

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa jini ke ci gaba da zuba ko bayan an matse hanyar shigarsa hanta da dabarar Pringle. Dalili shi ne, dabarar tana tsayar da jinin da ke shiga ne kawai, amma jijiyoyin da ke kwashe jini daga hanta zuwa babbar jijiyar da ke komawa zuciya suna iya dawo da shi ta baya, kuma bangonsu siriri ne ƙwarai.

Saboda haka rigakafin yana hannun likitan sa barci tun kafin a fara yanka. Shi zai taƙaita ruwan da ake ƙara wa majiyyaci domin matsin jinin babbar jijiyar ya tsaya ƙasa da 5 mmHg (ma'aunin matsi), yayin da iskar kabon dayoksaid da aka hura a cikin majiyyaci don yin tiyata da kyamara, mai matsin wajen 12 mmHg, take danne ƙananan ramukan da suka samu a jijiyoyin. Sai dai idan ramin ya yi girma, iskar kan iya shiga jini, don haka dole a sa ido.

Idan jijiya ta yage, a ganina gaggawar ƙona wurin da na'ura don tsayar da jini kuskure ne, domin takan faɗaɗa ramin. A danna da ƙyallen gauz na 'yan mintuna, a tsotse jinin har a ga bakin ramin sarai, sannan a ɗinke da siririn zare. In jinin ya ƙi tsayawa, a buɗe cikin ba tare da jinkiri ba.