Kyankyaso Ya Mamaye Gida: Me Za A Saya, Me Za A Guje Wa?

Wata uwargida daga Gyallesu a Zariya ta rubuto: "Assalamu alaikum Anti. Kyankyasai sun hana ni sakat a kicin. 'Yan ƙanana ne masu ruwan ƙasa, da na kunna fitila da dare sai su watse kamar an zubar da gero. Na ƙarar da gwangwanin sheltos huɗu cikin wata biyu, kamar ma ƙara su nake yi. Maƙwabciyata ta ce in sayi fiya-fiya ko Sniper in yayyafa. Maigida ya ce ba shi da kuɗin kiran masu feshi. Yarana uku, ƙaramin yana rarrafe. Me zan saya?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da shawarar maƙwabciyarki, don ita ta fi tayar mini da hankali. Kada ki shigo da fiya-fiya ko Sniper gidan da yaro ke rarrafe. Sniper maganin ƙwarin gona ne, sinadarin da ke cikinsa shi ne wanda ake rubuta wa DDVP a jikin kwalba, kuma fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalaben da ba su da suna galibi shi ɗin ne aka tsinka. Yana shiga jiki ta numfashi, yana shiga ta fata. Ɗanki tafin hannunsa da gwiwarsa a ƙasa suke, daga ƙasa kuma sai baki. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna, ta kuma hana ƙera ƙaramar kwalbar nan mai mililita 100, saboda rayukan da ya ci. Ganinsa a kan tiren masu talla bai mayar da shi maganin ɗaki ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, wani yaro a unguwa ya sha ko ya shaƙa, aka ga yana dalalar da miyau, yana gumi da amai, numfashi na sarƙewa, a bar batun ɗura masa manja ko madara. A cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikin da ruwa da sabulu, a ɗauki kwalbar a nufi asibiti mafi kusa nan take.

To, yanzu ga dalilin da gwangwani huɗu suka tafi a banza. Irin kyankyason da kika kwatanta, ɗan ƙarami mai layi biyu baƙaƙe a bayan kai, shi ne wanda masana ke kira kyankyason Jamus. Ba daga waje yake shigowa kullum ba, a cikin kicin ɗinki yake zaune: bayan firji inda inji ke ba da ɗumi, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, lungun kabad, cikin soket, tsakanin bango da katako. Macen tana yawo da jakar ƙwai maƙale a bayanta kusan wata guda, kuma jaka ɗaya na ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40. Feshi yana kashe wanda ya taɓa ne kawai, ba ya huda ɓawon jakar, ragowar kuma warinsa kan kora su su ƙara nutsewa cikin rami, ko su tsallaka falo. Kin kashe talatin da kika gani, ɗari na kwance, ga ƙwai na jiran ƙyanƙyasa.

Abin da za ki saya shi ne maganin da suke ci, ba wanda ake fesa musu ba. Akwai shi iri biyu.

Na farko mai kauri ne kamar man goge baki, yana zuwa cikin sirinji, irin su Advion da Maxforce. Ki tambaya a shagunan maganin gona da na dabbobi na Sabon Gari ko Samaru, ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, don jabu ya yi yawa. Hikimarsa ita ce ba ya kisa nan take. Kyankyaso ya ci, ya koma maɓoyarsa ya mutu a can, 'yan'uwansa su ci kashinsa da gawarsa, su ma su bi shi. Ta haka maganin ke kaiwa inda hannunki ba ya kaiwa. Kuskuren da mutane ke yi shi ne lafta shi wuri guda. Ɗigo-ɗigo ake yi, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba, a wurare da yawa: maƙalar ƙofar kabad, bayan durowa, ƙasan firji ta baya, inda bututun ruwa ya shiga bango. Ki nemi inda kika ga baƙin ɗige-ɗige kamar garin masoro, wannan kashinsu ne, nan ce majalisarsu. Duk inda hannun mai rarrafe zai kai, ki tsallake shi.

Na biyu ya fi araha: hodar borik, wadda ake samu a wasu kemis da wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu. Cokali ɗaya na hodar, cokali uku na fulawa da ɗan sukari, a kwaɓa da ɗan ruwa ko madara, a zuba a murafun kwalbar lemo, a tura can ƙuryar da ba kowa. Ana kuma iya barbaɗa busasshiyar hodar bayan kabad, amma sama-sama ƙwarai, yadda ido da ƙyar zai gan ta. In ta yi tudu kewaye ta suke yi. Tana manne musu a ƙafa, su lashe lokacin da suke gyara jiki. Wadda aka barbaɗa ba ta aiki in ta jiƙe, kuma duk da ta fi fiya-fiya sauƙi nesa ba kusa ba, guba ce ga jariri in ya haɗiya. Ki rubuta suna a jikin robar, ki ajiye ta sama, kada a ɗauka bekin foda ce ko gishiri.

Sharaɗi biyu, in babu su kuɗinki ya sake tafiya. Daga ranar da kika ɗiga maganin, ki ajiye gwangwanin feshi gaba ɗaya, don warinsa na hana su kusantar abin da kika ɗana. Sannan ki sa su yunwa da ƙishirwa. Na san gajiyar da ke kan uwa bayan sallar isha'i, na kuma san al'adarmu ta barin kwanukan tuwon dare sai da safe. Amma tukunyar da aka jiƙa da ƙanzo a cikinta walima ce: ga ci, ga sha. Kyankyaso kan yi kusan wata bai ci ba, ruwa kuwa da wuya ya wuce mako. Saboda haka famfon da ke ɗiga, tsumman wanke-wanke mai laima, ruwan da ke taruwa a farantin bayan firji, gindin randa, su ne ke riƙe da su. In wanke-wanken dare ya gagara, ki tara kwanukan cikin babban baho mai murfi. Gari, sukari, garin kwaki, busasshen kifi, duk su koma roba mai rufewa. Shara ta kwana a waje. Kwalayen taliya da na indomi da kiret ɗin ƙwai da kike tarawa ƙarƙashin kabad, ki fitar da su yau. Cikin ramukan kwali suke ɓuya, kuma sau da yawa ta nan ma suka shigo gidan daga shago.

Kwanaki uku na farko za ki iya ganin kamar ba abin da ya canza, har ki ga wasu da rana suna tangaɗi. Aiki ne ke ci. Ki ba shi mako biyu, ki sabunta ɗigon bayan wata guda saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe daga baya. Ki riƙa share gawarwakin da goge kashin da tsumma mai laima, musamman in akwai mai asma a gidan, don ƙurar kashinsu da saɓarsu na tayar da ita.

Wani magidanci da ke haya a Sabon Gari ya ce: "Namu manya ne jajaye, har tashi suke yi. Daga banɗaki suke fitowa, musamman lokacin zafi da farkon damina. Gidan haya ne, mu iyali shida, banɗaki biyu. Wani ya ce mu zuba baƙin mai da kananzir a masai."

Malam, naka daban ne da na Hajiyar Gyallesu. Wannan babban, mai kai santimita 4, a shadda da sokawe da kwata yake rayuwa, ɗaki kiwo kawai yake zuwa. Shi ya sa ya fi zama abin damuwa ta fuskar lafiya: ƙafar da ta taka masai ita ke taka kwanon abinci, da ƙwayoyin cutar gudawa a jikinta. Zafin watan Maris da Afrilu na sa su kuzari har su tashi sama, ruwan farko kuma in ya cika ramukan sai su yo gudun hijira zuwa ɗakuna.

Kuɗinka ya fara tafiya wurin mai siminti kafin mai magani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka shi ma kyankyaso. A duba murfin sokawe, a liƙe duk tsaga. Bakin masai ya samu murfi mai zama daram. Bututun da ke fitar da wari a ɗaure masa ragar sauro ta ƙarfe a kai, ramin da ruwan wanka ke fita shi ma a sa masa raga. Ƙasan ƙofar ɗakinka, in akwai tazara, a buga masa falle na roba. Tsohuwar tayar mota ma ta wadatar. Bayan haka sai a sa maganin ci a busassun lunguna na banɗakin.

Baƙin mai da kananzir ban goyi baya ba. Suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta, ramin ya riƙa cika da wuri, kuma suna iya tsiyaya zuwa rijiyar gidan ko ta maƙwabta. Ga haɗarin gobara.

Abu mafi wuya a wurinka shi ne iyali shida ɗin nan. In kai kaɗai ka gyara, na ɗakin kusa da kai za su dawo maka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna bayan sallar magariba, a yi karo-karo, a sanar da mai gidan batun sokawe tunda gyaransa haƙƙinsa ne, a tsayar da Asabar ɗaya kowa ya fitar da kayansa.

Wata amarya daga Ƙofar Doka tana tambaya ko ta zuba kafur cikin akwatunan lefe da kayan jaririn da take shiryawa, ko ta ja allin kyankyaso a kewaye.

Amarya, Allah ya sauke ki lafiya. Kafur kada ya kusanci kayan jariri ko kaɗan. Akwai jarirai da yawa a ƙasar nan da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, kuma ba a ganewa da ido. Ƙamshin kafur a jikin tufafi na iya farfasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani a kwanakin farko. In kin riga kin zuba, ki wanke kayan sosai ki shanya a rana har warin ya fita. Allin kuwa maganin ƙwari ne aka curo shi da siffar allin makaranta, yaran gidan za su ɗauka su yi rubutu, su sa a baki. Abin da zai tsare miki atamfofinki shi ne su bushe sarai kafin a ninke, a sa su cikin leda mai zif ko akwati mai rufewa ruf, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa fitar da su shan rana lokaci-lokaci.

Mai shagon hatsi a Tudun Wada ya ce ko ƙwayar "bom" da yake sa wa buhun wake za ta yi maganin kyankyason ɗakin kwana. A'a, Alhaji, har abada. Iskar da take fitarwa na ratsa bango da silin, tana kashe mutum yana barci. Ko buhun da aka sa wa ita bai kamata ya kwana gida ɗaya da mutane ba.

Ya kuma ce yana da kaji a tsakar gida, ko za su cutu in sun ci kyankyason da magani ya kashe. Za su iya. A kwanakin da aka sa magani a bar su a akurki da safe, a share gawarwakin tukuna a zuba a masai ko a binne, sannan a sake su.