Uwa za ta iya auna dantsen ɗanta da kanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A wurin awo an ba ni wani zare mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da tsanwa, aka ce in riƙa auna hannun ɗana mai wata 14 don gano tamowa. Uwar mijina ta ce wannan aikin malaman asibiti ne, uwa ba za ta iya ba. Haka ne?
Wata mai karatu, Garin Malam, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gai da Inna, ki shaida mata an gwada, kuma a nan gida aka gwada. Tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN sun yi bincike a gundumar Mirriya. A Dogo aka koya wa iyaye mata sama da 12,000 awon dantse, a Takeita kuwa aka bar aikin a hannun ma'aikatan lafiya na ƙauye. Yaran Dogo sun fi zuwa asibiti da wuri, kuma waɗanda aka kwantar a cikinsu ba su kai na Takeita yawa ba. Ba abin mamaki ba ne: ma'aikaci sai ranar zagaye yake ganin yaro, ke kuwa kullum yana goye a bayanki.

Zaren na yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5. Ki tuɓe masa riga, hannun ya sauka sakaka, ki ɗaura a tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, sannan ki duba launin da ya fito a 'yar tagar. Tsanwa lafiya lau. Ruwan ɗorawa, wato milimita 115 zuwa ƙasa da 125, tamowa ta fara. Ja, ƙasa da 115, ta yi tsanani, ki kai shi asibiti a ranar.

Inda aka fi kuskure shi ne ɗauri. In kin matse har fata ta tattare, yaro mai lafiya sai ya fito ja. In kin bar shi sako-sako, mai ciwo sai ya fito tsanwa, wannan kuwa ya fi haɗari, domin za ki zauna hankali kwance. Zaren ya kwanta a fata kawai.

Akwai abin da zare ba ya gani: kumburi. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku. In gurbin yatsa ya zauna a duka biyun, asibiti yau, ko da zaren ya nuna tsanwa. Haka in ya ƙi nono ko abinci, ko yana amai ba tsayawa.

Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ki auna duk sati. In an ba ki biskit ɗin gyaɗar nan da asibiti ke ba yara masu tamowa, magani ne: kada ki dama shi a kunu, kada a raba da yayyensa. Ki fara ba shi nono, sannan biskit ɗin daga leda, da ruwa mai tsabta a kusa.